Gandu da Garka: Tarihin Gidajen Gonar Sarauta a Damargu

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin ƙasashen Turai ya ci karo da labarin gidajen da sarakuna da attajirai ke ginawa a bayan gari, su kewaye su da lambunan ƙawa. Irinsu ne lambun fadar Bersai ta Faransa, wanda André Le Nôtre ya tsara a ƙarni na 17, da filayen itatuwa da tafkuna waɗanda Lancelot Brown ya shimfiɗa wa manyan Ingila a ƙarni na 18. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: shin an yi makamancin wannan a Damargu, watau ƙasar Tanut da Belbeji? In an yi, da waɗanne kalmomi aka san shi? Amsar ta shafi masu bincike, ta kuma shafi masu shirya littattafan yaƙi da jahilci.

Gandun Abzinawa

Damargu ƙasa ce ta jigawa mai ƙarancin ruwan sama, amma a ƙarni na 19 ita ce rumbun Abzin. Ayarin da ke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi da gero yake saye, kuma kaso mai yawa na geron nan daga Damargu yake fitowa. Saboda haka manyan Abzinawa suka kafa ƙauyukan noma a nan, inda bayi da talakawansu ke zaune tare da Hausawa da Dagara, su kuwa iyayengiji sai su sauko da kaka tare da raƙumansu.

Misalin da tarihi ya fi riƙewa shi ne Tagelel, ƙauyen Annur, babban Kel Ewey na Tintellust. A nan ne matafiyan nan uku, Barth da Richardson da Overweg, suka sauka, a nan kuma suka rabu a watan Janairu na 1851. Ga shi dai gida ne na basarake a karkara, mai shi yana zuwa lokaci-lokaci, dukiyarsa tana taruwa a ciki. Sai dai alamar girmansa ba furanni ba ce. Yawan rumbuna, da rijiya, da dabbobi, da hannuwan da ke noma, su ne ake dubawa. Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya: bisa gumin bayi aka gina wannan arziki.

Abin da aka yi a kudu

In muka waiwaya kudu, inda ayarin ke zarcewa, za mu tarar da tsarin ya fi kama da na Turai. Sarakunan Kano suna da gidaje da gandaye a bayan birni, kamar Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa. A Fanisau ne Clapperton ya sadu da Sarki Ibrahim Dabo a 1824. Har yau sunan unguwar Gandun Albasa yana tuna mana da abin da aka taɓa nomawa a wurin.

A Damagaram kuwa, kulawar sarauta ta fi karkata ga itace. Ana ba da labari cewa sarakunan ƙarni na 19 sun hana saran gawo, suka sanya wa mai saransa hukunci mai tsanani. Dalilin a fili yake: gawo yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ashe ke nan gonakin da ke cike da gawo ba dajin Allah ba ne. Shiri ne na mutane da dokar sarauta.

Rushewar tsarin

Abubuwa uku suka karya gandayen Damargu. Na farko, shigowar Faransawa tun daga 1899 ta raunana ikon Abzinawa. Na biyu, dokar hana bauta ta 1905 ta buɗe wa bayi hanyar kafa nasu gonaki, ko da yake abin ya ɗauki shekaru. Na uku, isowar layin dogo Kano a 1911 ta karkatar da fatauci zuwa bakin teku. Daga baya farin 1973 da na 1984 suka cinye itatuwa da yawa. Bayan 1984 ne gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa noman rani, garake suka yawaita a bakin tabkuna da rijiyoyi. A shekarun nan ne kuma manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma ga barin tsiron itace a gonakinsu, aikin da aka ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin eka ta Faransa miliyan 5.

Kalmomin

Tarihin nan yana kwance cikin kalmomi huɗu. Gandu babbar gona ce ta maigida ko ta sarki, wadda ake nomawa tare. Rinji ƙauyen bayi ne na noma. Garka, wadda Kanawa suka fi sani da lambu, shingaggen wuri ne da ake ban ruwa. Hurumi kuwa fili ne da aka keɓe, ba a nomansa. Babu ɗayansu da ke nufin wurin ƙawa zalla, domin Bahaushe bai raba kyan wuri da amfaninsa ba.

Kammalawa

Shawararmu biyu ce. Ta farko, masu rubuta littattafan karatun manya su daina tattara waɗannan ma'anoni cikin kalma ɗaya. Manomin Belbeji da ke cewa garka, a rubuta masa garka, a nuna masa lambu a matsayin ƴar'uwarta. Ta biyu, a hanzarta tattara sunayen gonaki da rijiyoyi da kufai na kwarin Tarka daga bakin dattawa. Gandu bai bar ginin dutse ba. Sunansa kaɗai ya bari, kuma in mai riƙe da sunan ya kau, tarihin ya bi shi.