Kogin Kaduna da tarihin wutarmu

1/ Jiya a Kawo da fitilar waya na yi karatun jarrabawa, alhali kogin da ya ratsa garinmu wuta yake bai wa Najeriya. Ku biyo ni.

2/ Da ruwa muka fara dogara. An kammala madatsar Kainji a 1968, Jebba 1985, sai Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, mai megawat 600. Daga can layin wuta ke zuwa Mando.

3/ Daga baya iskar gas ta karɓe kaso mafi tsoka, kuma yawancin tashoshinta a Kudu suke.

4/ A 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta wa kamfanonin rarraba wuta sayen wani kaso daga makamashi mai sabuntuwa. A 2016 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin sola 14, sama da megawat 1,000, akasari a Arewa.

5/ Me ya biyo baya? Taƙaddama kan farashi da lamunin biya. Masu zuba jari suka ja da baya, aikin ya tsaya a takarda.

6/ Zungeru mai megawat 700 ta ƙaru, amma a Oktoban 2024 matsalar layukan dakon wuta ta jefa Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

7/ Wato doka kaɗai ba ta kunna ƙwai, jama'a. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi dama. Mu tambayi namu: wa zai biya, kuma ta wane layi wutar za ta iso?