Dogon da ya haifi Minna, da gardamar jirgin da ake mana alƙawari

Duk lokacin da zaɓe ya matso, maganar jirgin ƙasa sai ta farfaɗo a garin nan. Wani ya ce za a ja dogo daga Minna zuwa Abuja, wani ya ce za a tayar da layin Baro, wani kuma ya ce ai jirgin cikin gari ya kamata a yi mana irin na Legas. A majalisun unguwa gardama kan yi zafi: masu goyon baya na cewa cigaba ne, masu suka na cewa romon baka ne. To, mu mutanen Ketaren Gwari muna da abin faɗa a wannan magana fiye da kowa, domin dogo ne ya tara kakannin yawancinmu a nan. Waiwaye adon tafiya, bari mu duba yadda aka faro.

Kafin zuwan Turawa, Minna ƙauyen Gbagyi ne, waɗanda muke kira Gwarawa, a kan duwatsun Paida, kusa da Bosso. Hedikwatar Turawa ta Arewa tana Zungeru, kuma can aka fara shimfiɗa ɗan siririn dogo a 1901 don ɗauko kaya daga bakin kogin Kaduna. Babban aikin ya zo ne a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda dama injiniyan dogo ne. Aka fara daga Baro a bakin Kwara, inda jiragen ruwa ke sauke ƙarafa, aka nufi Kano, tafiyar mil 356. Daga Baro zuwa Minna mil 111 ne. Dogon ya isa Kano a 1911.

A daidai lokacin, gwamnatin Legas na tura nata layin ta Jebba da Zungeru. Akwai siyasa a ciki: Turawan Arewa na son hanyar kansu ta fita teku ta kogi, ba tare da sun bi ta hannun Legas ba, na Kudu kuwa na son duk kayan Arewa su sauka a tasharsu. Layukan biyu suka haɗu a Minna, kuma a 1912 aka haɗe hukumominsu suka zama ɗaya. Da aka gama gadar Jebba a 1916, jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye daga Legas har Kano, sai Baro ta fara ja da baya. Ke nan rigimar wasu manya ce, a kan ribar wasu, ta mayar da Minna mahaɗa. Babu wanda ya tambayi mai gona a gindin Paida ra'ayinsa.

Kada mu manta da wanda ya biya kuɗin sabulu. An yi aikin ne da leburorin tilas, waɗanda sarakuna da dagatai ke tarowa daga ƙasar Nupe da ƙasar Gwari, a raba mutum da gonarsa ya je sarar daji da ɗaukar ƙasa a ka. Abin ya yi tsamari har a 1909 mutanen Gusoro suka yi bore suka kashe wani jami'in Bature, aka kuwa tura musu soja. Idan yau maƙwabcinmu Bagwari ya ji maganar sabon dogo ya fara tambayar fili da diyya, ba taurin kai ba ne, tarihi ne ke magana.

Mu kuwa dogo ya zame mana ƙofa. Leburori, 'yan kwangila, mahauta, maƙera, dillalai, fatake da malaman allo suka biyo shi daga Kano, Zazzau, Katsina, Sakkwato da sauran garuruwa. Nufawa, Yarbawa da Ibo su ma suka zo, wasu akawu, wasu direbobi, wasu masu gyaran inji. Sunayen unguwanninmu sun ishe mu shaida: Kwangila, Limawa, Makera, Sabon Gari, Unguwar Daji. Sunan tamu unguwar ma da Hausa aka raɗa shi, amma Gwari yake ambata, kullum yana tuna mana cewa mun tarar da mutane a nan. Turawa sun yi dogon ne da sa ran auduga, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, ita ce ta riƙa cika taragu tana ratsa Minna zuwa teku. Goro da a da ake ɗaukowa a kan jakuna daga Gwanja sai ya koma shigowa ta Legas cikin jirgi. Shanu su gangara, goro ya hau, doya da hatsi su shiga tarago a nan. Tsofaffinmu na ba da labarin yadda isowar jirgi ke zama kasuwa: masu tuwo, masu tsire, 'yan dako, masu masauki, kowa da rabonsa.

Daga tasha gari ya zama cibiyar mulki. Hedikwatar Arewa ta bar Zungeru ta koma Kaduna a 1917, Minna ta zama hedikwatar Lardin Neja, sannan a 1976 gwamnatin Janar Murtala ta ƙirƙiro Jihar Neja ta ba Minna babban birni. Amma a wannan lokacin dogon da ya ɗaga garin ya riga ya soma tsufa. Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta shiga asara, dalar gyaɗa ta ƙare, kuɗin man fetur ya tafi ga tituna, tireloli suka ƙwace kaya. Layin Baro ya mutu, ciyawa ta rufe shi. An gyara layin Legas zuwa Kano an sake buɗe shi a ƙarshen 2012, muka yi murna, amma zirga-zirgar ba ta tsaya da ƙafarta ba, yau a yi gobe a daina, ga kuma matsalar 'yan bindiga a dazuzzukan da ke tsakaninmu da Kaduna.

Sai abin da ya fi ciwo. Da aka zo gina dogon zamani mai faɗi, wanda aka buɗe a 2016 tsakanin Abuja da Kaduna, bai biyo ta Minna ba. An buɗe na Legas zuwa Ibadan a 2021, ɓangaren da aka tsara zai zo ta wajenmu kuwa yana kan takarda. Tashar jiragen ruwa ta Baro da aka ƙaddamar a farkon 2019 ta zauna shiru, saboda babu hanyar kirki ko dogo mai aiki da zai kwashe kaya daga can. Yadda lissafin wasu ya kawo mana jirgi ba da shawararmu ba, haka lissafin wasu ya kauce mana.

Yanzu fa al'amari ya ɗan sauya. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka sami ikon gina dogo da tafiyar da shi. Wato maganar jirgi ta sauko daga Abuja ta shigo gidan gwamnati da majalisar dokokin jiha, wurin mutanen da muke zaɓa da hannunmu, muke haɗuwa da su a ɗaurin aure da jana'iza. Uzurin "ai aikin tarayya ne" ya ragu.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Legas, Gwamna Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, mutanen Legas ba su hau irin wannan jirgi ba sai 2023, bayan shekara 40. Siyasa ce ta cinye shekarun. A Abuja an buɗe jirgin birni a 2018 da bashin ƙasar Sin, ya tsaya a 2020, sai 2024 aka sake tayar da shi, kuma babban ƙorafin jama'a shi ne tashoshinsa sun yi nisa da inda talaka ke kwana. Wani layin na Legas kuwa, wanda aka buɗe a 2024, ya bi ta tsohon filin dogo ne da ke ratsa unguwanni masu cunkoso.

Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da halinmu. Minna ba Legas ba ce, mutumin da zai je Kpakungu ko Tunga daga nan Keke Napep ya ishe shi. Abin da muke da shi, wanda garuruwa da yawa ba su da shi, shi ne dogo mai rassa uku da ya riga ya fita daga tsakiyar gari: ɗaya ya nufi Beji da Zungeru, ɗaya Gwada da Sarkin Pawa, ɗaya Kataeregi da Badeggi. Duk ƙasar noma ce, ta doya da shinkafa da hatsi. Jirgi mai fita da safe ya dawo da yamma a kan waɗannan rassa, cikin tsaro, zai taɓa farashin abinci a kasuwa da aljihun ɗan dako fiye da duk wani zane mai ƙyalli da ake mannawa a allon kamfe.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo unguwar nan da maganar jirgi, mu karɓe shi da mutunci, mu ba shi ruwa, sannan mu tambaye shi. Daga ina zuwa ina, kuma wa zai hau? Da kuɗin wa, in bashi ne wa zai biya? Gidaje da shagunan da ke bakin dogo fa, za a ƙidaya su a biya diyya kafin katafila ta iso ko bayan ta wuce? Wa zai riƙa gyara shi idan gwamnan da ya yanke ƙyalle ya sauka? Kuma kada mu yi tambayar mu kaɗai. Mu nemi masu unguwannin Gwarawa da Nufawa da sauran maƙwabta mu tafi tare, don idan aka tashi rusau ba a tambayar yaren mai gida. Kakanninmu sun sami dogo ba tare da an shawarce su ba. Mu muna da ƙuri'a, muna da kansila da ɗan majalisa. Allah Ya ba mu ikon amfani da su.