Maiwurno: Zangon da Ya Zama Gari a Bakin Kogin Nilu

Idan mutum ya bar Khartum ya nufi kudu maso gabas, yana bin Bahar Azrak, wato reshen Kogin Nilu wanda ya gangaro daga duwatsun Habasha, bayan tafiyar wajen kilomita 300 zai isa birnin Sinnar. Gaba kaɗan da Sinnar, a yammacin kogin, akwai wani gari da ake kira Maiwurno. Duk wanda ya san Wurno ta ƙasar Sakkwato, da ya ji sunan nan sai ya tsaya. Me ya kai Wurno Sudan?

Amsar tana cikin abin da ya faru a shekara ta 1903. A watan Maris na wannan shekara Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, sai ya tashi ya nufi gabas, da niyyar kaiwa Makka. Jama'a mai yawa ta bi shi, sarakuna da malamai da talakawa, waɗansu sun bar gonakinsu da damina a kan hanya. Turawa suka bi sawu, har suka cim masa a Burmi, kusa da kogin Gongola, cikin Jihar Gombe ta yanzu. Ran 27 ga watan Yuli aka yi yaƙi, aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Maiwurno, shi ya tattara waɗanda suka tsira, suka ci gaba da tafiya.

Tafiya ce ta ƙafa da jaki, ta ƙasar Cadi da Darfur da Kordofan. Akan tsaya a yi noma shekara guda, a sami guzuri, sa'an nan a tashi. Wajen 1906 suka iso bakin Bahar Azrak, suka sauka a garin Shehu Talha, wani malami mai asali da ƙasashen yamma. Daga baya suka haye kogi suka kafa nasu garin, aka sa masa sunan shugabansu. Abin mamaki shi ne, Turawan da suka guje wa a Sakkwato su ne suka tarar suna mulki a Sudan. Amma waɗannan ba su kore su ba, gama suna bukatar hannuwa masu aiki. Suka bar wa Maiwurno sarautarsa, suka ba shi ƙasa.

Bukatar nan ta ƙaru sa'ad da aka gama ginin madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Katanga ce ta dutse mai tsawon kamar kilomita 3, daga nan aka ja ruwa zuwa filin Jazira, tsakanin rassan Nilu biyu, domin noman auduga. Alhazan da suka fito daga Kano da Katsina da Borno sukan tsaya su yi cirar auduga su tara kuɗin jirgin Jidda. Da yawa ba su taɓa tara isasshe ba. Waɗansu kuwa sun je sun dawo, suka ga gida ya yi nisa. Haka ƙauyukan Hausawa suka yaɗu a Jazira da gefen kogi har zuwa Damazin. Sai dai gonar haya ta Jazira, wadda ake kira hawasha, yawanci ba tasu ba ce. Su 'yan ƙodago ne, suna zaune a bukkokin da ake kira kambo, can gefen gonaki.

Maiwurno kanta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Gidan sarauta na Fulani ne, ana jin Fillanci da Hausa da Larabci a kasuwa guda. Mutanen Sudan kuwa ba su cika bambantawa ba, duka sukan ce musu Fallata.

Ta wajen abinci ne aka fi ganin sawun mutanenmu. Ba babban garin Sudan da ba a san agashe ba, wato nama yankakke sirara, a barbaɗa masa ƙuliƙuli da yaji, a gasa a bakin wuta. Ko sunan ba a sāke ba. Akwai kuma godogodo, na gero da nono, ɗan'uwan furarmu. Su ma sun koyi na masu ƙasa: kisra, wadda ake toyawa da ƙullun dawa mai tsami, sirara kamar takarda, da asida, wadda ba ta da nisa da tuwo, da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Zoɓo shi ne karkade, tsamiya aradeb. Ga kifin kogi kuma, gama an san Hausawa da su a wannan yanki.

Baƙo yakan fara da madatsar ruwa, sa'an nan kufan tsohuwar Sinnar, babban birnin sarakunan Funj daga 1504 zuwa 1821. Funj ɗin nan sun tashi ne a daidai lokacin da Alwa ta faɗi, mulkin Kirista na ƙarshe a wannan yanki, wanda kufan birninsa Soba ke kusa da Khartum. Mai son namun daji sai ya nufi gandun Dindir, wanda aka keɓe tun 1935.

Amma cin agashe bai sa an karɓi mai gasawa ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan asali shi ne wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Mutanen Maiwurno sun makara da shekara tara. An sassauta dokar daga baya, maganar dai ba ta mutu ba. A watan Yuli na 2022, da Hausawan Jihar Bahar Azrak suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sai rikici ya ɓarke a Rusairis da kewaye, aka ce ba su da ƙasa a nan. Sama da mutum 100 suka mutu, dubbai suka gudu, ya kuma sāke tashi a watan Oktoba. Ana cikin jinyar wannan, yaƙi ya tashi a Khartum a watan Afrilu na 2023. Mayaƙan RSF suka kama Wad Madani a Disamba, suka kama Sinja a tsakiyar 2024, kafin sojojin gwamnati su karɓe Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuwa a Janairun 2025. Cikin waɗanda suka ɗaura kaya suka bar gidajensu a wannan lokaci har da jikokin mutanen Burmi.