Daga Katsina Zuwa Abuja: Tarihin Harafin "P" a Bakin Bahaushe

Wanda duk ya taɓa sauraron muhawara a Majalisar Tarayya da ke Abuja ya san cewa kalmar Turancin nan ta "people", wato jama'a, ita ke fara tona asalin mai magana. Da zarar ya ce "fiful", sai a yi murmushi a ɓoye. Wannan murmushi ya sa ɗalibai da dama sun gwammace su yi shiru a aji, alhali matsalar ta tarihi ce, ba ta basira ba.

Hausa ba ta rarrabe "p" da "f". Sauti guda gare ta, wanda ake furtawa da leɓɓa biyu, haƙora ba su da hannu a ciki. Bakano kan ce fata, Basakkwace ya ce hwata, ma'ana kuwa tana nan. Larabcin da ya riga Turanci zuwa ƙasar Hausa shi ma ba shi da "p". Saboda haka, bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, leburori da sojoji suka tsinci kalmomi da kunne, suka zuba su a mazubin da suka gada: famfo, fasinja, fansho, fensir, falo. Yau wa zai kira waɗannan kuskure?

Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta bi wata hanya dabam. Ɗalibanta kaɗan ne, suna jin Turanci daga bakin masu shi, ana kuma matsa musu kan lafazi. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da muryar da aka yi wa laƙabi da ta zinariya. Daga nan ne kuma Sulaimanu Barau ya fito, Sarkin Abuja daga 1944 zuwa 1979, wanda garinsa ya bar wa sabon birnin tarayya sunansa, ya koma Suleja.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, malamai da yawa kuma daga littafi suka san Turanci. A ganina, nan horon kunne ya yi rauni.

Gyaran ba wuya. A "p" ana rufe leɓɓa ruf, a sake su da bugun iska. A "f" haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Sai dai tsoron "fiful" ya haifi wani ɗa: mai gudun kuskure yakan zarce, har ka ji shi a bakin Sakatariya yana cewa "Pederal".