Sifa Tsakanin Nahawun Turanci Da Alƙalamin Tudun Wada



Yawancinmu a ajin Turanci muka fara jin cewa kalmomi sun kasu gida takwas: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau da sauransu. Aka koya mana cewa sifa ita ce kalmar da ke bayyana kamannin suna, aka sa mu ja mata layi a jimla. Amma wannan rabo yana da tarihi. Masana nahawun Girka da Latin, inda Turawa suka gaji lissafin, a ƙarƙashin suna suka ajiye sifa. Daga baya ne aka ware mata gida nata. Haka ma Ajurrumiyya da ake karantawa a zaurukan Zariya: kalma uku ce a wurinta, isimi, fi'ili da harafi, sifa kuwa tana cikin isimi.

A Zariya aka gwada wannan ma'auni a kan rubutun Hausa na boko. Rupert East ya jagoranci Hukumar Talifi, wadda gasarta ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam na editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. Ma'aikatan wurin kullum suna juya labarai daga Turanci zuwa Hausa, kullum kuma suna cin karo da matsala guda: Turanci na da sifofi birjik, Hausa kuwa asalin sifofinta ba su da yawa. Akwai babba, ƙarami, sabo, tsoho, dogo, gajere, fari, baƙi, ja da 'yan kaɗan.

To, ina sauran suka shiga? Hausa na da nata hanyoyin. Inda Bature zai ɗora sifa guda, mu sai mu ce ruwa mai zafi, ko yaro marar kunya, ko tuwon ya yi laushi. Zafi, sanyi, nauyi da zaƙi duk sunaye ne, kamar yadda F. W. Parsons ya yi bayani a 1955. Muna kuma da amsa-kama: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Sifarmu tana bin jinsi da adadi: farin doki, farar riga, fararen kaya, abin da ta Turanci ba ta yi.

Abin da ya shafe mu yau shi ne, da yawa muna tsara jimla a kai da Turanci, sannan mu jera wa jarumarmu sifofi huɗu a gaban suna har numfashin mai karatu ya ɗauke. Mu koma mu karanta Magana Jari Ce da fensir a hannu, mu ƙirga sau nawa Imam ya kwatanta mutum da abin da ya aikata maimakon tarin sifa. Sannan kowa ya ɗauko shafi guda na rubutunsa ya yi masa wannan gwajin, ya kawo mana abin da ya gani kafin mako mai zuwa.