Wutar Kainji da Garin da Ruwa Ya Ci

Jiya da daddare a gidan da muke haya a Agbowo, nan Ibadan, mun kusa raba gari a kan janareta. Mu shida ne 'yan Arewa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 karo-karon fetur ya fi ƙarfinmu, wani ya ce mu haɗa kuɗi mu sayi sola. Sai wani abokinmu ya ce wai wutar da ba ta ɓata muhalli tsirfar Turawa ce, ba ta shafe mu ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Jama'a, abin ba sabo ba ne a wajenmu. An fara gina madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968. Injina 12 aka tsara mata, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. Ba gawayi, ba gas, ba hayaƙi, ruwa ne kawai ke faɗowa ya juya inji. Daga baya Jebba ta biyo, sannan Shiroro a 1990. Ita kanta NEPA da har yau muke kiran wuta da sunanta, a 1972 aka haife ta, da aka haɗe hukumar madatsun Kwara da tsohuwar hukumar lantarki ta ƙasa.

To amma wa ya biya kuɗin wannan tsabtar? Tafkin da ya taru ya haɗiye tsohon garin Bussa ɗungurungum, har da wurin da Mungo Park ya halaka a 1806. Sama da mutum dubu 40 aka tayar daga ƙasar Borgu da ta Yawuri. Gungawa, waɗanda rayuwarsu a tsibirai take, suna su suna noman albasa, aka kwashe su aka kai tudu. An gina Sabuwar Bussa, gaskiya ne, an ba mutane gidaje. Sai dai fadamar kakanka ba a ɗaukar ta a mota, kabarin mahaifinka ma haka. Wutar kuwa ta bi manyan wayoyi ta tafi birane, har Yamai a Nijar. Dokar kafa hukumar da za ta kula da yankunan madatsun sai a 2010 aka yi ta, ita ma ta yi wajen shekara goma a takarda.

Kada ku ce na ƙi sola. Ni ne ma na fara cewa a saya, don hayaƙin janareta a tsakar gidan nan ya ishe ni, ga ƙarar da ke hana mutum karatu. Batirin ne damuwata. Mai arha da aljihunmu zai iya, na dalma ne, shekara biyu zuwa uku ya mutu. In ya mutu 'yan gwangwan za su saya, ya ƙare a wuraren narkar da dalma irin na Ogijo a jihar Ogun, inda aka auna jinin mazauna, har da yara, aka tarar da gubar.

Mun tashi a kan za mu ƙara wata biyu muna tari, ko ma kai ga batirin litiyam mai daɗewa. Mutum biyu har yanzu ba su yarda ba. Wanda ya taɓa haɗa sola a ɗakin haya, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi da mai gida wajen hawa rufi.