Na'urar Auna Numfashi

Sifiromita na'ura ce da ake auna ƙarfin huhu da ita. Wani likita ɗan Ingila, John Hutchinson, shi ya fito da ita a 1846. Tasa ganga ce da aka kifa cikin ruwa, tana ɗagowa gwargwadon iskar da aka hura mata. Na yanzu ƙanana ne, wasu ma a hannu ake riƙe su.

Wanda za a auna zai zauna, a matse masa hanci, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika, sannan ya busa cikin bututu da iyakar ƙarfinsa. Na'urar tana nuna yawan iskar da ya fitar duka, da wadda ta fita a daƙiƙar farko. Akan maimaita aƙalla sau uku.

Ana matuƙar buƙatarta a wuraren aiki inda ƙura ta yi yawa, kamar ramukan haƙar ma'adinai, wuraren fasa dutse, kamfanonin siminti da masaƙu. Ƙurar dutse kan sa huhu ya taurare, kuma abin takaici cutar ba ta warkewa. Shi ya sa ya kamata a auna mutum tun ranar ɗaukarsa aiki, a riƙa maimaitawa, domin raguwar numfashi kan bayyana a na'ura kafin ya fara haki. Likitoci kan haɗa sakamakon da hoton ƙirji.